Guzurin Mai Zuwa Karatu Ƙasar Waje

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin 'yan manyan aji ya san irin taɗin da ake yi bayan an kashe fitila. Wannan ya ce shi da ya gama jarrabawa sai Ingila, wancan ya ce shi Amurka, wani kuma ya ce ko Indiya ce ta samu ba zai tsaya ba. Ni ma ina cikin masu wannan buri, ba zan ɓoye ba. Amma na lura kullum zancen namu a bakin jirgi yake ƙarewa. Ban taɓa jin wanda ya tambayi abin da zai ci ran da ya sauka ba, ko wanda zai dafa masa, ko wanda zai gaya wa in zazzaɓi ya kama shi da tsakar dare. Hausawa kuwa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani littafi da na ara a laburaren makaranta, watau tarihin Mahatma Gandhi wanda shi da kansa ya rubuta. Na zaci labarin siyasa zan tarar tun daga shafin farko. Ashe akwai babi da yawa da ba kome cikinsu sai labarin wani yaro baƙauye a Landan, yana fama da yunwa da kunya da lissafin kwabbai. Daga nan na bi labarin waɗansu 'yan ƙasarsu da suka yi irin wannan tafiya. Mutanen Indiya sun daɗe a kan wannan hanya, har yanzu kuwa ba su fasa ba. A shekarar karatu ta 2023/2024 ɗalibansu da ke Amurka kaɗai sun kai 331,602, ba ƙasar da ta kai su yawa a can a wannan shekara. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, saboda haka ya kamata mu ji abin da suka gani.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, abin da ya fi ka da ɗalibi a ƙasar waje ba a cikin aji yake ba. Abinci ne, da sanyi, da kuɗi, da kaɗaici, da jin kunyar asali. Guzurin da ake yaƙar waɗannan da shi kuwa, a nan gida ake haɗa shi, tun muna sakandare.

Ran 4 ga Satumba, 1888, Gandhi ya shiga jirgin ruwa a Bombai, wadda ake kira Mumbai yanzu, zai tafi koyon aikin lauya. Shekararsa 18, watau da shekara 2 kacal ya girme ni a lokacin. Dattawan danginsu sun hana shi tafiya, suka ce addininsu bai yarda a ƙetare teku ba, da ya ƙi ji sai suka yanke shi daga cikinsu. Mahaifiyarsa ma ba ta sake shi ba sai da ya yi mata rantsuwa a kan abu 3: ba zai taɓa giya ba, ba zai kusanci mata ba, ba zai ci nama ba, domin gidansu ba a cin nama sam.

Tun a jirgi wahala ta soma. Ya yi Turanci a makaranta kamar yadda muke yi, amma in Bature ya yi masa magana ba ya kamawa, in kuma ya kama sai ya tsaya haɗa amsa a zuciya tukuna. Bai iya cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu ba, kunya kuma ta hana shi tambayar wane abinci ne ba nama a ciki. Sai ya ƙunshe kansa a ɗaki yana cin ɗan alawa da 'ya'yan itatuwan da ya yi guzuri. Da za su sauka ya ɗauko fararen kayan da ya adana don ranar, ya sa, yana ganin ya yi ado. Ga shi ƙarshen Satumba ne, sanyi ya soma shigowa, sai ya ga duk wurin ba mai fararen kaya sai shi. Da dare kuwa hawaye ne ke zubo masa don begen gida, ba shi da wanda zai gaya wa. Duk wanda ya tuna darensa na farko a wannan makaranta ya san irin wannan kuka, sai dai namu iyayen suna iya zuwa ranar ziyara, shi kuwa teku ne tsakaninsa da nasa.

Sai maganar ciki. Matar gidan da ya fara zama ba ta san abin da za ta dafa wa wanda ba ya cin nama ba. Da safe kunun wani hatsi na Turawa, da rana da dare kuma dafaffen alayyafo ba yaji ba kayan ƙamshi, da ɗan yankan burodi biyu ko uku. Kullum da yunwa yake tashi, yana jin nauyin ya ce a ƙara. Abokansa suka yi ta lallashinsa ya karya rantsuwar, suna cewa ba mai iya zaman ƙasar sanyi ba nama, tsohuwa kuma ba ta san halin Ingila ba lokacin da ta sa shi rantsuwa. Ya ƙi. Ya dinga yawo a ƙasa cikin birni har ya yi kiciɓis da wani gidan abinci a titin Farringdon inda ba a sa nama. A nan ya fara ƙoshi tun zuwansa Ingila. A ƙofar gidan ya sayi wani ɗan littafi na Henry Salt a kan sule 1, wanda ya bayyana dalilan barin cin nama, daga baya har ya shiga ƙungiyar marasa cin nama ta Landan, aka zaɓe shi cikin kwamitinta. Ku duba fa, abin da aka ce zai ware shi daga mutane shi ne ya sama masa abokai. Mu ba a hana mu nama ba, amma muna da namu iyakokin, na yanka da naman alade da giya. Wanda bai yanke shawara a kansu tun daga gida ba, yunwa da abokai ne za su yanke masa a can.

Kada a ce Gandhi waliyyi ne tun yana yaro. Ya yi wauta irin wadda yawancinmu za mu yi. Don ya nuna wa abokansa cewa ko ba ya cin nama zai iya zama cikakken Bature, sai ya sayi doguwar hula ta sule 19, ya ɗinka kwat ta fam 10 a titin Bond, inda masu kuɗin Landan ke ɗinki, ya aika wa wansa ya turo masa sarƙar agogo ta zinariya. Kowace safiya sai ya ɓata minti 10 gaban madubi yana gyara laktaye da tsagar gashi. Bai tsaya nan ba, ya biya fam 3 don a koya masa rawar Turawa. Da ƙafa ta ƙi bin kiɗa, sai ya ce kunnensa ne bai saba ba, ya sake kashe fam 3 ya sayi gogen Turawa, ya ɗauki mai koya masa, ya kuma ɗauki wani malamin na koyon lacca. Har aurensa ya ɓoye, alhali tun yana da shekara 13 aka yi masa aure, ya baro mata da ɗa a gida, don kawai yana jin kunyar Turawa su sani. Bayan kamar wata 3 hankalinsa ya dawo. Ya tuna karatu ya kawo shi, kuma ba a Ingila zai ƙare rayuwarsa ba. Ya rubuta wa malaman nan ya sallame su, ya mai da gogen don a sayar. Maganar auren ma daga bisani ya rubuta wa wata dattijuwa da ke ƙoƙarin haɗa shi da wata yarinya, ya gaya mata gaskiya. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda ya riƙe kuɗi bayan wannan. Ko a lokacin wautarsa yana da ɗabi'a guda mai kyau: kowane kwabo ya kashe sai ya rubuta, na mota ne, na kan sarki ne, ko na jarida, kafin ya kwanta kuma sai ya haɗa lissafi. Wannan littafin lissafi shi ya nuna masa inda kuɗin wansa ke zurarewa. Ya bar gidan da ake dafa masa, a ƙarshe ya koma ɗaki guda na sule 8 a mako, ya sayi risho yana dafa karin kumallonsa. Ya daina shiga mota, yana taka mil 8 zuwa 10 kowace rana, ya ce wannan tafiyar ce ta tsare masa lafiya. Har ya kai abincinsa na yini bai wuce sule da taro ba. A wannan lokacin na tsimi ne ya ci jarrabawar shiga Jami'ar Landan a 1890, bayan ya faɗi Latin a karon farko.

To, shi karatun lauyan fa? A nan ne na sha mamaki. A makarantar lauyoyi ta Inner Temple, inda ya yi rajista, sharaɗi biyu ne: cin jarrabawa, da halartar liyafa. Zango 12 ake yi, kowane zango kuma tilas ɗalibi ya halarci cin abincin dare aƙalla sau 6. Kowane mutum 4 akan ba su kwalbar giya 2, saboda haka kowa na son zama tebur ɗaya da Gandhi, don rabonsa ya koma musu. Jarrabawar kuwa ba ta da tsanani, ɗalibai da yawa taƙaitattun bayanai kawai suke haddacewa cikin 'yan makonni su wuce. Ba mai bin ka da bulala, ba mai kiran suna a firef. Shi dai ya ga ha'inci ne ya yi haka, ya sayi manyan littattafan ya karance su, dokokin Rumawa ma da Latin ya karanta su. Ran 10 ga Yuni, 1891 aka tabbatar da shi lauya, ran 12 ya shiga jirgin gida.

Duk da haka takardar ba ta ishe shi ba. Ya san dokar Ingila, bai san dokokin da ake shari'a da su a Indiya ba, na Hindu da na Musulmi. Ranar da ya fara tsayawa a wata ƙaramar kotu a Bombai don ya yi wa shaida tambaya, kansa ya juya, bakinsa ya mutu, ya zauna ya mayar da kuɗin da aka biya shi. Kunyar magana da ya tafi da ita Landan, da ita ya dawo. Ko littafin addininsa, Gita, sai a Landan ya fara karanta shi, sa'ad da waɗansu Turawa biyu suka nemi ya taya su karatunsa, ya ji kunya ya ce bai taɓa buɗe shi ba. Ina ganin wannan gargaɗi ne gare mu. Baƙo a ƙasar waje kullum tambayarsa ake yi labarin garinsu da addininsa da tarihinsa. Wanda ya tafi bai sani ba, wani ne zai gaya masa, yadda ya ga dama kuwa.

Gandhi ya dawo da lafiyarsa, amma ba kowa ya yi wannan sa'a ba. Srinivasa Ramanujan akawu ne a ofishin tashar jiragen ruwa ta Madras, ba shi da digiri, domin son lissafi ya sa ya yi watsi da sauran darussa ya faɗi jarrabawar kwaleji. A 1913 ya aika wa G. H. Hardy na Jami'ar Kembirij wasiƙa cike da lissafi, Hardy ya gane gwani ne, ya sa aka kawo shi a 1914. Wajen aiki ba abin da ya gagare shi. A 1918 aka zaɓe shi cikin Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila. Amma shi ma ba ya cin nama, shi ke dafa wa kansa a ɗaki, in lissafi ya ɗauke masa hankali sai ya manta da girkin. Yaƙin Duniya na Ɗaya kuma ya ɓarke watanni kaɗan bayan zuwansa, kayan abincin da ya saba da su suka yi wuya. Wani ɗan ƙasarsu mai suna Mahalanobis ya ba da labarin ya ziyarce shi ya tarar yana rawar ɗari, ya ce ko da babbar rigar sanyi yake kwana sanyin ba ya barinsa. Da ya duba gadon, sai ya ga barguna a shimfiɗe an cusa bakinsu ƙarƙashin katifa yadda Turawa ke yi. Ashe Ramanujan a kansu yake kwanciya, bai san ɗagawa ake yi a shiga ciki ba, bai kuwa tambayi kowa ba. A 1917 ciwo ya kwantar da shi, ya koma gida a 1919, ya rasu a 1920 yana da shekara 32. Kafinsa akwai Anandibai Joshi, wadda mutuwar jaririnta ta sa ta ƙudura zama likita. Ta tafi Amurka a 1883, ta sami digirin likita a Filadalfiya a 1886, sanyi da baƙon abinci suka raunana ta, tibi ya kashe ta a 1887 kafin ta cika shekara 22. Ajali na Allah ne, amma an umurce mu da kula da jiki. Ƙwaƙwalwa kome kaifinta a cikin jiki take zaune.

Na san wani cikin iyayenmu zai ce, to ai ka kawo hujja da bakinka, kowa ya bar gida gida ya bar shi, a zauna a yi karatu a nan. Ban yarda da wannan ba, dalilina kuwa B. R. Ambedkar. An haife shi cikin mutanen da ake ƙyama a Indiya, waɗanda ba a yarda a taɓa su. A makarantar firamare a gefe yake zama kan buhun da ya zo da shi daga gida, ba a yarda ya taɓa abin shan ruwa ba, sai masinja ya tsiyayo masa daga sama, ran da masinja bai zo ba kuwa ba ruwa. A 1913 Sarkin Baroda ya biya masa kuɗin karatu zuwa Jami'ar Kolombiya a birnin Nuyok. A can ya zauna aji ɗaya da tebur ɗaya da kowa, ya yi karatu wurin malamai irin su John Dewey, ya ga da idonsa cewa wulaƙancin da ya tashi a ciki mutane ne suka ƙaga shi. Da kuɗin karatunsa suka ƙare a 1917 ya dawo daga Landan bai gama ba, littattafansa kuma suka nutse da jirgin da Jamusawa suka harba. A Baroda aka rasa mai ba shi masauki, masinjojin ofis suna jefa masa fayil daga nesa. Bai karaya ba, ya tara kuɗi ya koma Landan a 1920 ya ƙarasa. Shi ne ya shugabanci kwamitin da ya tsara tsarin mulkin Indiya, wanda ya soma aiki ran 26 ga Janairu, 1950, wanda kuma ya haramta wannan ƙyama. Da ya zauna gida, da wuya ya sami wannan ilmi. Lalle tafiya mabuɗin ilmi ce. Abin lura shi ne ya san abin da ya je nema, ya san kuma waɗanda zai kawo wa.

Wani abokina kuma ya ce mini wannan duk tsohon labari ne. Tafiyar da Gandhi ya yi mako 3 a teku, yau cikin yini guda ake yin ta a jirgin sama, ga waya a aljihu kana ganin fuskar mahaifiyarka, ga gidajen abincin Indiya ko'ina a Landan. Gaskiya ne, sauƙi ya samu. Amma waya ba ta dafa tuwo, ba ta biyan kuɗin haya, ba ta tashin mutum da asuba ya yi karatu. Ina ma tsoron ta ƙara wa mai kunya wurin ɓuya, ya ƙunshe a ɗaki da ita kamar yadda Gandhi ya ƙunshe a jirgi, ya shekara 3 bai yi aboki ko ɗaya a ƙasar ba. Yanzu kuma yayyenmu da yawa Indiyar kanta suke zuwa karatu, su ne baƙin, su ne masu neman inda ake sayar da abincin da suka sani.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da nake gani. Mu daina raina wahalar makarantar kwana, domin ita ce gwajin farko. Wanda ya iya wanki da guga, ya iya cin abincin da ba na gidansu ba, ya iya zama da wanda ba yarensu ɗaya ba, ya riga ya yi nisa. Kowa ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta abin da ya kashe daga kuɗin kashewarsa, ya ga ko za su kai shi ƙarshen zango. In an yi hutu, mu maza mu shiga madafa mu koyi girki ko kala 3 ne, ba abin kunya ba ne. Mu shiga ƙungiyar muhawara don baki ya buɗe, mu saba da ɗaga hannu mu ce ba mu gane ba. Mu gwada karatu ran da ba malami a firef, gama a jami'a kullum haka take. Mu kuma san addininmu da tarihin garuruwanmu sanin da za mu iya bayyana wa baƙo.

Ku kuma iyayenmu, Allah ya saka muku da alheri, ina roƙonku abu biyu. Kafin ku sayar da gona ko shanu don tura yaro waje, ku dubi halinsa kamar yadda kuke duban sakamakonsa, ku yi masa nasiha a fili kamar yadda mahaifiyar Gandhi ta yi, mace ce da ba ta yi boko ba amma ta san inda haɗarin yake. In kuma ya tafi, kada tambayarku ta tsaya kan jarrabawa. Ku tambaye shi me ya ci yau, yana barci kuwa, su wane ne abokansa. Yaro yakan ɓoye wahalarsa don kada a ce ya ba da kunya bayan an kashe masa dukiya.

Ni dai har yanzu ina son tafiya in Allah ya nufa, amma tun zangon da ya wuce na sayi littafin lissafina, hutun nan kuma Inna ta yi alkawarin koya mini miyar kuka. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, amin.